Rediyo suke tallatawa ko katako? Tsofaffin tallace-tallacen mujallun Amurka

Habu Kafinta:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ga wasu hotuna nan na tura, shafukan talla ne daga tsofaffin mujallun Amurka irin su Saturday Evening Post da Ladies' Home Journal, daga wajen 1925 zuwa 1940. Dukkansu tallan rediyo ne. Don Allah ku duba da kyau ku nuna mini inda rediyon yake.

Ni dai falo nake gani. Kafet shimfiɗe, labule har ƙasa, uwargida ta ci ado ta kishingiɗa a kujera, maigida riƙe da jarida, yara biyu a ƙasa sun yi tagumi suna saurare. Can jikin bango ga wani kabet mai dogayen ƙafafu da aka sassaƙa, ƙofofinsa biyu. To wannan kabet ɗin shi ne rediyon. Babu waya ko ɗaya a hoton, babu eriya, a wasu ma ko allon neman tasha ba ka gani, ƙofa ta rufe shi ruf. In ka karanta rubutun da ke ƙasa, kusan rabinsa zancen katako ne: walnat ne ko mahogani, wane salo aka bi, na zamanin Sarauniya Anne ta Ingila ne ko na gidan sarautar Tudor ko na sarakunan Faransa.

Aikin ya kai aiki. Ku faɗaɗa hoto na uku ku kalli ƙofar. Fallen katako ne siriri aka yanko daga gungume ɗaya, aka buɗe shi biyu aka manna gefe da gefe, sai jijiyar itacen ta dama ta yi daidai da ta hagu, layi ya haɗu da layi a tsakiya. Wanda bai taɓa riƙe gam da matsi ba zai ɗauka zane ne aka yi da fenti. Ra'ayina shi ne masu tallan nan gaskiya suka faɗa, domin abin da mutum zai ajiye a falonsa shekara goma yana kallo kullum, katakon ne. Me kuka gani?

Lawal Mai Rediyo:
Wa alaikumus salam Malam Habu. Kai kafinta ne, dole idonka ya tsaya a katako. Ni da nake buɗe bayan akwati, abin da na sani daban ne. Kamfani zai ƙera inji guda ɗaya, ya sa shi a ƙaramin akwatin ɗorawa kan tebur, ya kuma sa shi a dogon kabet mai ƙofofi, ya ba su suna daban da kuɗi daban. Tashar da wannan zai kamo ita wancan zai kamo. In ka leƙa bayan wasu dogayen kabet ɗin, injin yana kan shiryayye ɗaya a sama, sifika a ƙasa, sauran duk iska ce.

Sannan duba wajen farashi a tallan farkon shekarun 1930. Za ka ga lamba da manyan baƙaƙe, kusa da ita kuma da ƙananan baƙaƙe an rubuta cewa ban da bawul. Bawul su ne ƙananan kwalaben nan masu kama da ƙwan lantarki da ke cikin tsohuwar rediyo, in babu su ko tari ba za ta yi ba. Wato sai ka je kanti za ka tarar akwai sauran biya. Wannan kam ban kira shi gaskiya ba.

Habu Kafinta:
Maganar bawul na ba ka. Amma inji ɗaya a akwati biyu ai ba laifi ba ne, wanda ya ƙara kuɗi ya san katako ya saya.

Maryam A.:
Malam Habu, Malam Lawal, ku bari in sa baki, don sai an san yadda rediyo take kafin kabet sannan za a gane tallan.

Tashar KDKA ta birnin Pittsburgh ta fara watsa shirye-shirye ranar 2 ga Nuwamba 1920 da sakamakon zaɓen shugaban ƙasa. A shekarun farko rediyo abin wasan maza da samari ce, da yawa da hannunsu suke haɗa ta. Ko wadda aka sayo daga kamfani ba ta da kyan gani. Kamfanin rediyo na Atwater Kent da ke Philadelphia ya sayar da wasu da aka jera kayansu tsirara a kan falanki, babu murfi. Ga wayoyi ko ta ina, ga abin sawa a kunne da mutum ɗaya kaɗai zai ji, ko kuma wata ƙatuwar sifika mai siffar ƙaho. Uwa uba batir: akwai busassu, akwai kuma babba mai ruwa irin na mota, wanda sai an riƙa kai shi caji, in ruwansa ya ɗiga a kafet ya ci wurin.

Wace mace ce za ta yarda a shigo mata da wannan tarkace falo? Shi ya sa rediyo ta daɗe a ɗakin ajiya da gareji. Kamfanoni sun ga cewa in ba ta shiga falo ba, kasuwarta ba za ta wuce ta masu sha'awar haɗa waya ba. Kuma suna da abin koyi: tun 1906 kamfanin Victor ya ɓoye ƙahon garmaho cikin kabet ya kira shi Victrola, ya yi kasuwa sosai. Da aka kai 1927, rediyon da ake jonawa a wutar gida kai tsaye ta yaɗu, irin Radiola 17 ta RCA, batir ya fita daga lissafi a gidajen da ke da lantarki. Daga nan sai tallan ya koma mujallun mata. Ba injiniya ake yi wa magana ba yanzu, uwargida ake lallashi.

Hajiya Rabi:
Maryam 'yata, Allah Ya yi miki albarka, kin faɗi abin da ke bakina. Maza suna ganin kamar kwalliya ce kawai. Wadda take share ɗaki tana goge ƙura ita ta san bambancin abu mai murfi da tarin wayoyi. Mu da muka tashi da kabet ɗin jeren kwanoni a ɗakin amarya mun san abin da ke jikin bango shi baƙuwa take fara kallo, da shi take auna gidan. Matar Amurka ta 1928 ma haka take. Masu tallan sun san wannan sarai, shi ya sa suka sa tulun fure da hoton iyali a kan rediyon.

Ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Duk matan da ke hotunan nan, babu mai aiki ko ɗaya. Babu mai wanke-wanke, babu mai goyo, kowacce da doguwar rigar fita biki tana zaune da daddare a gidanta. Alhali wadda za ta sayi mujallar ta karanta, wataƙila hannunta bai bushe daga wanki ba.

Shamsu:
Hajiya kin taɓo inda nake so. Ni a wurina yaudara ce tsagwaronta, kuma ba a katako take ba, a rayuwar da suka zana take. Ƙidayar jama'ar Amurka ta 1930 ta tambayi kowane gida ko yana da rediyo. Kusan kashi 40 cikin 100 ne suka ce suna da ita. A gidajen baƙar fata kuwa ko kashi 8 ba su kai ba. Manoman karkara, wajen gida ɗaya cikin goma ne ke da wutar lantarki a farkon shekarun 1930. Ku nemo mini baƙin mutum zaune a falonsa yana sauraron rediyo a shafukan da Malam Habu ya turo. Babu. In baƙi ya fito a tallan manyan mujallun lokacin, galibi ɗauke da tire yake.

Kuma akasarin rediyon nan bashi aka saye su, a ba da kafin alƙalami sannan a riƙa biya wata-wata. An nuna wa ma'aikaci falon attajiri, an ce masa shi ma zai iya. Atwater Kent har hotunan rediyonsa a gidajen fitattun marubuta da 'yan wasa yake bugawa. Sai ga Oktoba 1929, kasuwar hannun jari ta rushe, aiki ya tafi, bashin kabet yana nan.

Maryam A.:
Yaya Shamsu, alƙalumanka daidai ne. Sai dai a ƙara da cewa daga baya wasu kamfanonin sun waiwayi waɗanda aka bari. Zenith ya haɗa kai da masu ƙera Wincharger, wata farfela da iska ke juyawa ta yi cajin batir, aka riƙa tallata su tare ga manoman da ba su da wuta a tsakiyar shekarun 1930. Kuma da John H. Johnson ya kafa mujallar Ebony ta baƙar fata a Chicago a 1945, Zenith na cikin manyan kamfanonin farko da suka yarda suka sa talla a ciki. Zuwa 1940 gidaje masu rediyo sun haura kashi 80 cikin 100.

Shamsu:
Sun waiwaye su ne da suka ga kuɗi a hannunsu, ƙanwata. Shekara 25 bayan KDKA fa ake maganar Ebony.

Lawal Mai Rediyo:
Bari in dawo kan katako, don kada Malam Habu ya ce na ƙi sana'arsa. Akwai inda babban kabet yake da amfani na gaske, kuma ba don ido ba.

Sifika irin wadda muke amfani da ita har yau, mai takarda da maganaɗisu, injiniyoyi biyu na General Electric, Rice da Kellogg, suka fito da ita a 1925. Takardar tana motsi gaba da baya. In ta tura iska gaba, a bayanta tana jan iska ne. In sifikar tana tsirara, iskar gaba sai ta zagayo gefe ta cike gurbin ta baya, su kashe juna, musamman a sauti mai kauri. Shi ya sa in ka ciro sifika ka riƙe a hannu za ka ji muryar ta zama siririya. Amma ka ɗaura ta a faffaɗan falanki mai kauri, hanyar zagayowar ta yi nisa, sai kaurin ya fito, ka ji ganga ta zama ganga. To gaban dogon kabet ɗin nan shi ne falankin. Ga shi kuma yana ɗaukar sifika mai faɗin inci 10 ko 12, wadda ƙaramin akwati ba zai ɗauka ba.

Saboda haka in talla ta ce babbar ta fi daɗin murya, ba ƙarya ta yi ba. Inda nake ja shi ne sassaƙar ƙafafu da sunan sarauniya. Waɗannan ba sa ƙara wa sauti komai.

Habu Kafinta:
Alhamdu lillahi, ashe dai kafinta ma yana da hannu a muryar. Sassaƙar kuwa, Malam Lawal, ba don kunne aka yi ta ba. Mutum yana da ido. Kuma ku sani masu haɗa kabet ɗin nan kamfanonin kayan ɗaki ne na gaske. Pooley na Philadelphia ya yi wa Atwater Kent kabet. Wani kamfani mai suna Kiel a Milwaukee ya yi tebur mai ƙafa shida wajen 1929, rediyon Atwater Kent na ɓoye a cikinsa, in ka shigo ɗakin tebur kawai za ka gani. Mahoganin da suke ta ambato kuma ɗan'uwan maɗacinmu ne, duk wanda ya taɓa goge maɗaci ya shafa masa mai ya san irin jan da yake fitarwa.

Baba Ɗanjuma:
'Ya'yana, ina ta karanta ku. Mu a Kano muna yara, kafin a samu 'yancin kai, rediyon da yawancinmu muka fara sani ba ta da ƙafa ba ta da ƙofa. Ɗan akwatin katako ne da ake rataye wa a bango, waya ta taho daga tasha ta shigo gida, ana biyan kuɗi duk wata. Abin murɗawa ɗaya ne, na ƙara murya ko ragewa. Ba ka zaɓen tasha, abin da aka sako shi za ka ji. Tun 1944 aka kawo wannan tsari Kano. A zauren wani maƙwabcinmu take, in magariba ta wuce sai mu cika ƙofar, manya a ciki kan tabarma, mu yara a waje. Ba wanda ya taɓa tambayar da wane itace aka yi akwatin.

Daga baya BBC ta fara Hausa a 1957, gidan rediyon Kaduna ya zo a 1962, ga kuma ƙananan rediyo masu batir sun shigo, kowa ya rataya tasa. Mai kabet ɗin da na sani ita ce rediyogiram, doguwa a kwance, rediyo a gefe guda, wurin sa faifai a gefe guda. Sai gidan babban ma'aikaci ko ɗan kasuwa. Ana shimfiɗa mata ƙyalle mai saƙa a kai, yaro bai isa ya taɓa ba.

Hajiya Rabi:
Baba, Allah Ya ƙara lafiya. Irinta ce a ɗakin mahaifiyarmu, Grundig, har yanzu tana nan. Zan dawo kanta.

Maryam A.:
Baba, abin da ka faɗa ya tuna mini da wata rediyo da aka yi musamman don Afirka. A 1949 kamfanin batir na Ever Ready na Ingila ya fitar da ita don ƙasar da yanzu ake kira Zambiya. Jikinta tukunyar girki ce ta ƙarfe marar mariƙi, aka yi mata shuɗin fenti, aka toshe kafofinta da raga saboda ƙwari, kuɗinta fam 5. A nan ba a yi zancen salon sarauniya ba, abin da aka duba shi ne ta jure zafi da ƙura, talaka kuma ya iya saye.

Shamsu:
To kun gani. In ana son mutum ya ji labari, tukunya ma ta isa.

Habu Kafinta:
Ta isa a ji labari, Shamsu. Amma ba ka ajiye tukunya a falo ka ce baƙo ya zauna ya kalla.

Lawal Mai Rediyo:
Ai su ma Amurkawan da wuya ta yi wuya sun sauko. A 1930 Philco ya fito da ƙaramar rediyo mai lanƙwasasshen kai, samfuri na 20, a kan dala 49.50 ban da bawul. Ta katako ce ita ma, amma ta ɗorawa kan tebur. An sayar da fiye da 300,000, Philco ya zama na ɗaya a kasuwa. Masu manyan kabet suka shiga uku. Kamfanin da ke yin Majestic a Chicago, wanda yake kiran rediyonsa sarkin sararin sama, ya karye cikin 'yan shekaru. Shi kuwa Atwater Kent rufe masana'antarsa ya yi a 1936.

Duk da haka ba a daina yi wa masu kuɗi nasu ba. A tsakiyar wannan fatara Zenith ya fitar da Stratosphere, bawul 25, sifika uku, dala 750. Yawancin sababbin motoci ƙirar Ford ba su kai wannan kuɗi ba a 1935. 'Yan ɗaruruwa kawai aka ƙera. Ni a ganina ba don a sayar da ita da yawa aka yi ta ba, don a buga hotonta ne, wanda ya gani ya shiga kanti ya fito da ƙaramar Zenith.

Maryam A.:
Tallan da ya fi burge ni shi ne na Philco na 1937. Dogayen rediyon nan allonsu a tsaye yake, ƙasa da ƙugun mutum, sai ka durƙusa kafin ka ga lambar tasha. Sai Philco ya karkato da allon yana kallon sama, ya buga hotunan mutane cikin kayan ado suna fama a gaban tsohuwar rediyo, da take mai cewa ba tsugunno, ba sunkuyo, ba ƙanƙance ido. Shekara goma ana nuna uwargida a kishingiɗe kamar rediyon da kanta take nemo tasha, sai ga kamfani ya fito ya nuna yadda ake wahala da ita a zahiri, don yana da sabon kabet na sayarwa.

A Ingila kuma wata hanyar aka bi. Frank Murphy, mai kamfanin Murphy Radio, fuskarsa yake sawa a talla da lofe a baki, yana bayani da sauƙaƙan kalmomi. Kabet ɗinsa kamfanin Gordon Russell ke yi, sumul, babu sassaƙa. Ekco kuwa ya bar katako gaba ɗaya a wasu samfuran, a 1934 ya fitar da wata zagayayyiya ta robar Bakelite wadda mai zanen gine-gine Wells Coates ya tsara.

Habu Kafinta:
Na ga hoton zagayayyiyar. Ba zan ce ba ta da kyau ba, amma inji ne ya matso ta daga mazubi, dubu ɗaya duk kamarsu ɗaya. Katako kuwa ko daga itace ɗaya aka yanko, ƙofa biyu ba sa zama ɗaya sak. Ta Murphy ɗin ta fi kwanta mini. Aiki sumul ya fi wuyar yi, don babu sassaƙar da za ta ɓoye maka kuskure a haɗin kusurwa.

Shamsu:
Ku duba na lokacin yaƙi ma. Daga Afrilu 1942 gwamnatin Amurka ta tsayar da ƙera rediyon gida, masana'antun suka koma yi wa soja aiki. Amma talla ba ta tsaya ba. Shafi guda cur, mai launi, ana nuna soja ya dawo gida da amaryarsa suna zaune gaban rediyon da za a ƙera bayan yaƙi. Babu kayan a kanti, babu farashi. In wannan bai nuna muku cewa buri suke sayarwa ba, ban san me zai nuna ba.

Hajiya Rabi:
Shamsu ɗana, matar da mijinta ke bakin daga, in ta ga wannan hoton ta ji sanyi a ranta, ni ban ga abin zargi a nan ba. Inda na tsaya tare da kai shi ne wajen bashi.

Malam Lawal, ga maganar Grundig ɗin. Tun rasuwar mahaifinmu ba a kunna ta ba. Ƙafa ɗaya gara ta taɓa, fallen saman ya ɗago a gefe inda ruwa ya taɓa zuba. Jikokina suna cewa a cire kayan cikin a mai da ita wurin ajiye kwanuka. Ni kuma so nake in sake jin muryarta. In jona ta a wuta in gani?

Lawal Mai Rediyo:
Hajiya, don Allah kada ki jona. Rediyo mai bawul da ta daɗe a ajiye, akwai wasu ƙananan kaya a ciki masu riƙe wuta, kafasito muke ce musu, suna bushewa ko su lalace da tsufa. In aka ba ta wuta kai tsaye za su iya fashewa, ko su ƙone taransifoma, wadda samun irinta yanzu aiki ne. Kuma wutar da ke yawo cikin irin wannan inji ta haura ta soket, tana iya kisa, kada yaro ya sa hannu ko an cire filogi. Ɓera ma yakan ci rigar wayoyin. A ɗauko mini hoton bayanta, inda aka rubuta lambar samfuri da ƙarfin wutar da take ɗauka, da hoton cikin in murfin bayan yana ciruwa da sauƙi. In bawul ɗin suna nan ba a fasa ba, akwai fata sosai.

Habu Kafinta:
Hajiya, kada kowa ya ɓamɓare fallen da ya ɗago, kada kuma a sa masa gam ɗin nan mai kamawa nan take. Da gam ɗin katako ake mayar da shi, a ɗora takarda da falanki a matse ya kwana. A duba ƙafar, in kin ƙwanƙwasa kin ji holoƙo ko gari yana zubowa, garar ta yi nisa, sai an sake ƙafar. A janye ta daga jikin bango, a ɗora ta kan bulo tukuna. In Malam Lawal ya fitar da injin, a kawo mini kabet ɗin, a haɗo da ƙafa ɗaya mai lafiya in auna.

Hajiya Rabi:
To madalla, Allah Ya saka muku da alheri. Gobe in sha Allahu zan sa a ɗauko hotunan. Akwai faya-fayai ma a cikin aljihunta, su ma a turo hotonsu?

Lawal Mai Rediyo:
A turo, Hajiya. A ajiye su a tsaye cikin inuwa, kada a jibga su kan juna, zafi yana lanƙwasa su.